Iko da Sha'awa a Sinimar Ƙasar Sin: Tarken Fim ɗin "Fadar Gabas, Fadar Yamma" na Zhang Yuan

1. Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce yin tarken fim ɗin Dong gong xi gong, wanda muka fassara da "Fadar Gabas, Fadar Yamma". Zhang Yuan ne ya shirya shi, aka kammala shi a 1996, kuma shi da marubuci Wang Xiaobo ne suka rubuta labarin. Manazarta da dama suna ɗaukarsa a matsayin fim na farko daga babban yankin ƙasar Sin da ya ɗora jigonsa kai tsaye a kan namiji mai son namiji, ba tare da sakaya zance ba. Za mu kwatanta shi da waɗansu fina-finai biyu: Bawang bie ji na Chen Kaige (1993), wanda aka fi sani a Faransanci da Adieu ma concubine, da kuma Lan Yu na Stanley Kwan (2001).

Abin da muke son nunawa shi ne cewa a cikin waɗannan fina-finai hukuma ba ta tsaya a bakin ƙofa tana hani kaɗai ba. Ta shiga har cikin zukatan taurarin labarin, ta yadda sha'awarsu kanta ta ɗauki siffar dangantakar mai mulki da wanda ake mulka. Fim ɗin Zhang Yuan shi ne ya fi fito da wannan a fili, domin ya kulle ɗan sanda da wanda ya kama a ɗaki guda na tsawon dare guda. Bayan mun warware yadda ya yi haka, za mu tambayi abin da fim ɗin ya yi asara a wajen mayar da mutum ɗaya misalin al'umma baki ɗaya. Aikinmu a nan na tarke ne. Yanke hukunci a kan ɗabi'ar da fim ɗin ya nuna fage ne dabam.

2. Bayanin kalmomi

Kalmar "luwaɗi" da muka saba da ita tana ɗauke da hukunci a cikinta, kuma tana nuni ga aiki. Kalmar "ɗan daudu" kuwa tana nuni ga sana'a da salon magana da motsin jiki, kuma ba dole ba ne ta ƙunshi abin da ta farko ta ƙunsa. Saboda haka a wannan maƙala za mu riƙa cewa "neman jinsi ɗaya" ko "namiji mai son namiji".

Akwai kalmomin Sinanci uku da mai karatu zai buƙata. Ta farko ita ce tongzhi, wadda ƴan Jam'iyyar Kwaminis suke kiran junansu da ita, ma'anarta abokin gwagwarmaya. Daga wajen 1989 masu neman jinsi ɗaya a Hong Kong suka aro ta suna kiran kansu da ita, daga can ta bazu zuwa Taiwan da babban yankin. Ke nan tun daga suna ma, harshen hukuma aka ara. Ta biyu ita ce dan, sunan rukunin ƴan wasan da ke fitowa a matsayin mata a wasan kwaikwayon waƙe na gargajiya, wato opera, wanda a da maza ne suke yinsa a Pekin. Kamar da ta yi da kalmar Hausa "ɗan" dacen sauti ne kurum. Ta uku ita ce liumang, wadda ta yi kusa da abin da muke kira ɗan iska ko ɗan ta-kife.

3. Tarihi da doka

Tsofaffin littattafan ƙasar Sin sun daɗe da sanin wannan al'amari, kuma abin lura shi ne kusan kullum a fada suke ba da labarinsa. Littafin Han Feizi, na ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kawo labarin Mizi Xia, ɗan lelen sarkin Wei. Wata rana ya hau keken sarki ba da izini ba don ya je gaida mahaifiyarsa da ba ta da lafiya, laifin da hukuncinsa yanke ƙafa ne, sai sarki ya yaba masa da biyayya ga iyaye. Wata rana kuma ya gatsi wani ɗan itace ya ji zaƙinsa, ya miƙa wa sarki sauran, sarki ya ce wannan alamar ƙauna ce. Da kyawunsa ya gushe, sai sarki ya tuno waɗannan ayyuka biyu ya mayar da su laifi. Haka kuma tarihin daular Han ya ba da labarin Sarki Ai, wanda ya yanke hannun rigarsa don kada ya tashi Dong Xian da ke barci a kansa. Ya naɗa shi babban kwamandan askarawa yana ɗan shekara 22; da sarki ya rasu, fada ta tilasta masa kashe kansa. Darasin labaran biyu ɗaya ne: aikin bai sake ba, ra'ayin mai iko ne ya sake.

Daular Qing ta kafa doka a 1740 da ta hukunta saduwar namiji da namiji ko da da yardar juna. Kundin dokokin laifuffuka na Jamhuriyar Jama'ar Sin na 1979 kuwa bai ambaci neman jinsi ɗaya da suna ba. Abin da ya ƙunsa shi ne sashe na 160, wanda ya hukunta "laifin iskanci", liumang zui. Masana shari'a na ƙasar sun yi masa laƙabi da laifin aljihu, domin duk abin da aka ga dama ana iya cusawa a cikinsa, daga faɗan titi har zuwa tare mata. Da wannan sashe, da kuma ikon da ƴan sanda suke da shi na tsare mutum har kwana 15 ko cin tararsa ba tare da zuwa kotu ba, aka riƙa kama maza a lambuna da makewayin jama'a. Makamin da ya fi kowane ban tsoro shi ne a sanar da wurin aikin mutum, wato danwei, domin a wancan zamani daga nan ake samun gida da magani da takardar izinin aure. An soke sashe na 160 a gyaran kundin na 1997, sannan a 2001 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasar ta cire neman jinsi ɗaya daga jerin cututtukan tabin hankali.

Wannan bayani yana da muhimmanci ga fahimtar fim ɗin. A lokacin da aka ɗauke shi, babu wata doka da ta kira laifin tauraron da suna. Ɗan sandan da ya kama shi ba zai iya buɗa kundi ya nuna masa sashe ba. Dole ne ya sa shi ya yi magana, ya siffanta kansa da bakinsa a matsayin ɗan iska, kafin kamun ya sami hujja.

4. Zubi da tsarin fim ɗin

Sunan fim ɗin kansa habaici ne. "Fadar Gabas" da "Fadar Yamma" laƙabi ne da masu neman maza na Pekin suka ba makewayin jama'a na lambuna biyu da ke gefen tsohuwar fadar sarakuna, daura da dandalin Tiananmen: ɗaya a Fadar Al'adun Ma'aikata ta gabas, ɗaya a lambun Zhongshan ta yamma. A tarihin fada kuma waɗannan sunaye suna tuna sassan iyalan sarki. Ke nan wuri mafi ƙasƙanci a birnin ya ari sunan wuri mafi ɗaukaka, kuma yana jingine da katangarsa.

Labarin ba shi da yawa. A Lan, wanda Si Han ya fito a matsayinsa, matashin marubuci ne da ke zuwa lambun da dare. A wani samame da ƴan sanda suka kai, wani matashin ɗan sanda mai suna Xiao Shi, wanda Hu Jun ya fito a matsayinsa, ya cafke shi. A kan hanya sai A Lan ya sumbace shi ya ruga, ɗan sandan ya tsaya sororo bai bi shi ba. Da suka sake haɗuwa, Xiao Shi ya kai shi ɗan ƙaramin ofishin ƴan sanda na cikin lambun, ya sa shi tsugunne, ya buɗa littafin rahoto, ya fara yi masa tambayoyi. Mafi yawan mintoci kamar 90 na fim ɗin a wannan ɗaki suke ƙarewa, daga dare har wayewar gari.

Abubuwa biyu ne suke katse zaman ɗakin. Na farko, hotunan waiwaye na rayuwar A Lan: mahaifiyarsa a kan keken ɗinki; wata ƴar makarantarsu da aka yi wa laƙabi da "motar haya" saboda ana cewa kowa na iya hawa, wadda daga baya aka kama ta; da mazan da ya yi hulɗa da su, waɗanda galibinsu sun wulaƙanta shi ko sun azabtar da shi. Na biyu, gutattakin wasan opera na gargajiya, inda ake ganin wata fursuna sanye da mari tare da dogarin da ke tsaronta. Wang Xiaobo bai zo wa wannan jigo a baƙo ba: shi da matarsa, masaniyar zamantakewa Li Yinhe, sun wallafa Tamen de shijie a 1992, binciken da ya dogara da hirarraki da masu neman maza. Ya rasu a watan Afrilu na 1997, makonni kaɗan kafin a nuna fim ɗin a Cannes.

5. Mai tambaya da mai amsa

Michel Foucault, a cikin La volonté de savoir (1976), ya nuna cewa iko na zamani bai fi dogara da rufe bakin mutane a kan sha'anin jima'i ba. Ya fi dogara da sa su yin iƙirari a gaban limamin coci da likita da alƙali. Mai sauraro shi ne mai iko, mai magana shi ne abin nazari. A farkon daren, fim ɗin ya bi wannan tsari sau da ƙafa. Xiao Shi yana zaune a kan kujera a bayan tebur, da kaki da alƙalami. A Lan yana tsugunne a ƙasa. Kamara tana kallon ɗaya daga ƙasa, ɗaya daga sama. Ɗan sandan yana da kalmomi biyu da yake maimaitawa: cewa A Lan maras lafiya ne da ke bukatar magani, da kuma cewa shi jian ne, wato wulaƙantacce maras daraja.

Sai dai akwai abin da tsarin iƙirari bai yi tanadinsa ba, shi ne mai laifin da ke marmarin a tambaye shi. A Lan ya ba da labarin cewa tun yana yaro mahaifiyarsa takan tsoratar da shi da cewa ɗan sanda zai zo ya tafi da shi in bai natsu ba, shi kuwa sai ya girma yana jiran zuwan wannan ɗan sanda. Da wannan magana kamun ya tashi daga hukunci ya koma cikar buri. Duk abin da Xiao Shi zai yi don ya horar da shi, ko tsawa ko mari ko ankwa, ya riga ya shiga cikin labarin soyayyar da A Lan ya tsara. In ya sake shi, ya kasa aikinsa. In ya ƙara matsa masa, ya ba shi abin da yake so. Reshe ya juye da mujiya.

A nan mai karatun Hausa zai tuna Dare Dubu da Ɗaya, inda Shaharzad take riƙe sarki da labari har gari ya waye, ko akun Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya hana ɗan sarki fita da zaƙin baki. Dabarar ɗaya ce: maras ƙarfi yana mallakar lokacin mai ƙarfi ta hanyar sa shi son jin abin da ya biyo baya. Bambancin shi ne Shaharzad tana ba da labari don ta tsira daga takobi, shi kuwa A Lan yana bayarwa ne don kada a sallame shi. Yana tsayawa a inda ya san za a ce masa ya ci gaba. Yana cakuɗa gaskiya da ƙage, har ɗan sandan ya rasa me zai rubuta a littafin rahoto. A hankali alƙalami ya daina motsi, tambayoyin kuma suka tashi daga na bincike suka koma na mai son sani.

Zhang Yuan ya ƙarfafa wannan da wata dabara ta zaɓen ƴan wasa: a cikin hotunan waiwaye, Hu Jun ne yake fitowa a siffar mazan da A Lan yake ba da labarinsu. Ana iya fassara wannan ta fuska biyu. Ko dai A Lan ne yake ɗora fuskar ɗan sandan a kan dukkan masoyansa na baya, ko kuma Xiao Shi ne, yana sauraro, yake ganin kansa a cikin labarin. Fim ɗin bai raba gardama ba, kuma mun ga dacewar hakan, domin ta kowace fuska aka duba, katangar da ke tsakanin mai bincike da abin bincike ta tsage. Lokacin da A Lan ya juyo da tambaya gare shi, ya nemi ya dubi tasa zuciyar, sai Xiao Shi ya harzuƙa. Wanzami ba ya son jarfa.

6. Tufafi da wasan kwaikwayo

Kusan duk abin da ke nuna iko a fim ɗin abin sawa ne: kaki, da hula, da ɗamara, da ankwa. Gab da asuba Xiao Shi ya fito da kayan mata da aka ƙwace daga wani da aka taɓa kamawa, ya umarci A Lan ya saka. Dalilinsa a bayyane yake. In A Lan ya zama mace, to abin da ɗan sandan yake ji a ransa ya koma sha'awar namiji ga mace, tsarin duniyarsa bai rushe ba. Da farko A Lan ya ƙi, domin shi bai ɗauki kansa mai shigar mata ba. Daga bisani ya saka, ya kuma shiga rawar da kyau fiye da yadda aka nema. Xiao Shi ya ja shi zuwa wani kangon gini, inda sumba da duka suka gauraye, ya feshe shi da ruwan tiyo kamar mai son wanke ƙazanta. Da gari ya waye sai ya juya ya tafi shi kaɗai, fuskarsa a rikice.

Gutattakin opera su ne mabuɗin wannan sashe. Fursunar da ke cikin mari ba ta da wata hanya sai ta so dogarinta, kuma A Lan ya faɗi wannan ra'ayi a fili, ya haɗa kansa da ita. A adabin ƙasar Sin akwai tsohuwar al'ada, wadda ake dangantawa da mawaƙi Qu Yuan na ƙarni na 4 zuwa na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, ta bafaden da sarki ya juya wa baya ya yi magana da muryar macen da masoyi ya yasar. Idan muka yi la'akari da cewa A Lan marubuci ne, kuma fim ɗin ya zo shekara bakwai bayan murƙushe zanga-zangar Tiananmen ta 1989, ba abin mamaki ba ne da manazarta da yawa suka karanta shi a matsayin hoton ɗan boko a gaban gwamnati: yana kuka da ita, yana kuma neman ta dube shi.

7. Kwatanci da fina-finai biyu

Fim ɗin Chen Kaige, wanda ya sami babbar kyautar Cannes a 1993 tare da fim ɗin Jane Campion, ya bi rayuwar ƴan wasan opera biyu daga 1924 zuwa 1977. Cheng Dieyi, wanda Leslie Cheung ya fito a matsayinsa, ɗan wasan dan ne. Tun yana yaro mahaifiyarsa ta datse masa yatsa na shida don a karɓe shi a makarantar wasa, aka kuma yi ta azabtar da shi har ya yarda ya rera baitin da yake kiran kansa mace. Daga nan kowane mai iko ya zo sai ya nemi rabonsa a jikinsa ko a muryarsa: tsohon baban fada, da attajiri Yuan, da hafsoshin Japan, da na Kuomintang. A Juyin Juya Halin Al'adu da ya fara a 1966, abokin wasansa Duan Xiaolou, wanda ya so duk rayuwarsa, ya tona masa asiri a gaban taro don ya tsira da kansa. A nan ma iƙirari ne, amma na dandali, kuma babu wanda ya ci ribarsa. Bambancin fina-finan biyu shi ne Chen Kaige ya nuna son namiji a matsayin tabon da zalunci ya bari, Dieyi kuma bai taɓa samun damar bayyana kansa da bakinsa ba. A Lan kuwa, ko me aka ce da shi, shi ne mai riƙe da zaren labari.

Lan Yu, wanda aka ɗauka a Pekin ba da izinin hukuma ba, daga wani labari da aka saka a intanet a 1998 ba tare da sunan marubuci na gaskiya ba, ya sauya fuskar iko. Hu Jun ne dai ya sake fitowa, amma a wannan karo ɗan kasuwa ne, ɗan wani babban jami'i, mai suna Chen Handong, wanda ya sayi daren farko na wani ɗalibi matalauci daga karkara. Kaki ya koma kwat, ankwa ta koma kyautar mota da gida. Hukuma ba ta bayyana sai sau biyu, kuma duk a gefe: a daren 4 ga Yuni 1989, inda Handong ya fita neman yaron ana jin hayaniya daga nesa, da kuma lokacin da aka tsare shi kan harkallar kuɗi. A nan Lan Yu ya sayar da gidan da aka ba shi ya fanshe shi. Wanda aka saya ya sayi ƴancin mai sayensa, ta haka bashin ya juya. Fitowar ɗan wasa guda a matsayin ɗan sanda a 1996 da attajiri a 2001 ta taƙaita sauyin da ƙasar ta yi a tsakanin.

8. Inda fim ɗin ya gaza

Ƙarfin "Fadar Gabas, Fadar Yamma" shi ne kuma rauninsa. Domin misalin ya tsaya daram, dole ne A Lan ya zama mai jin daɗin azaba, mai laushi, mai karkata ga matsayin mace. Dole ne kuma Xiao Shi ya zama ƙaƙƙarfa mai faɗin kafaɗa. Ke nan fim ɗin ya ɗauki tsohon rabon aiki na namiji mai iko da mace mai biyayya ya ɗora a kan maza biyu, bai taɓa tushensa ba. Mai kallon da ya shigo da ra'ayin cewa neman jinsi ɗaya ciwo ne da rashin uba da shaƙuwa da uwa suke haifarwa zai fita da ra'ayinsa yadda ya shigo da shi, domin hotunan waiwaye suna ba shi hujja. Sauran mazan lambun kuwa inuwoyi ne a cikin duhu, ba su da suna, ba su da aiki, ba su da abokantaka a tsakaninsu. Binciken Li Yinhe da Wang Xiaobo ya ƙunshi mutane iri-iri; fim ɗin ya zaɓi ɗaya, wanda ya fi dacewa da darasin siyasa.

Har wa yau, ya kamata mu yi hattara da kalmar nasara. Gaskiya ne A Lan ya girgiza ɗan sandan. Amma da gari ya waye Xiao Shi yana nan da kakinsa, ofishin yana nan, littafin rahoto yana nan, kuma babu abin da zai hana a sake kai samame da daddare. Juyin da aka yi a cikin zuciyar mutum ɗaya ya tsaya. Muna ganin Zhang Yuan ya san haka, shi ya sa ya ƙare fim ɗin da rabuwa. Sai dai wannan yana tayar da tambaya mai nauyi ga duk mai nazarin mulki: idan hanyar da ta rage wa talaka ita ce ya so mai danne shi har ya ruɗa shi, shin wannan turjiya ce, ko kuwa cikar biyayya ce? Fim ɗin ya nuna cewa duka biyun suna iya zama a jiki ɗaya, kuma a ganinmu wannan shi ne abin da ya fi daraja a cikinsa.

9. Makomar fim ɗin

Abin da ya faru da fim ɗin a waje ya maimaita abin da ke cikinsa. Tun 1994 hukumar fina-finai ta sa sunan Zhang Yuan a jerin waɗanda aka hana yin aiki da su. An fitar da fim ɗin zuwa Faransa aka ƙarasa haɗa shi a can, aka nuna shi a bikin Mar del Plata na Ajantina a 1996, inda ya sami kyaututtuka. Da aka gayyace shi Cannes a 1997, hukuma ta ƙwace fasfon Zhang Yuan, masu bikin suka ajiye kujera wadda babu kowa a kanta a madadinsa. A wannan bikin ne Wong Kar-wai na Hong Kong ya sami kyautar gwanin shiryawa da Happy Together, labarin maza biyu masoya a Ajantina. Shekara biyu bayan haka Zhang Yuan ya shirya fim da izinin hukuma, ya kuma ci kyauta da shi a Venise a 1999. Hanin ya ƙara masa suna a waje, sunan kuma ya sa hukuma ta buɗa masa ƙofa.

Soke sashe na 160 bai kawar da tsarin da muka siffanta ba. Lou Ye ya ɗauki Nuits d'ivresse printanière a ɓoye a Nankin yana cikin hanin shekara biyar, ya ci kyautar rubutun labari a Cannes a 2009. A 2018 aka mayar da kula da fina-finai ƙarƙashin sashen farfaganda na Jam'iyya. A 2019 aka nuna Bohemian Rhapsody a gidajen sinima bayan an yanke wuraren da suka shafi neman jinsi ɗaya, a 2021 kuma hukumar rediyo da talabijin ta umarci tashoshi su daina nuna maza masu siffar mata. Abin da doka ba ta kira laifi ba, ana iya barinsa yau a hana shi gobe.

10. Kammalawa

Mun yi ƙoƙarin nuna cewa "Fadar Gabas, Fadar Yamma" fim ne a kan ikon da ba shi da rubutacciyar hujja, wanda saboda haka yake bukatar bakin wanda ya kama, kuma ta wannan ƙofa ce ake iya shigarsa. Mun nuna kuma cewa fim ɗin ya biya wannan fahimta da tsada, domin ya ƙuntata rayuwar mutanen da ya ɗauko don su dace da misali. Kwatanci da fina-finan Chen Kaige da Stanley Kwan ya bayyana cewa mai iko yana sauya tufafi, daga rigar fada zuwa kaki zuwa kwat, amma tsarin ɗan lele da ubangidansa da Han Feizi ya siffanta yana nan. Nazarin da ya dace ya biyo bayan wannan shi ne na fina-finan da masu neman jinsi ɗaya suka shirya da kansu, irin na Cui Zi'en da Fan Popo, don a ga yadda labarin yake kasancewa idan aka fitar da ɗan sanda daga ɗakin.